Share-Girgije da Filin Auta

Duk wanda ya yi aiki a sashen taswira na ma'aikatar kula da muhalli ya san cewa idan hadari ya haɗu, mutum ɗaya ne a ginin ba ya murna. Masu shara su leƙa taga suna fatan Allah ya sauke lafiya, direbobi su ruga su ɗaga gilasan mota, shi kuwa sai ya ɗage labule da ɗan yatsa, ya dubi sama, ya ja ɗan tsaki ya koma kujerarsa. Ba mugu ba ne, kuma ba ƙin ruwa yake yi ba, aikinsa ne ya mai da shi haka. Tun yana jin haushin sunan da aka laƙaba masa har ya saba, har ta kai in an kira shi da sunansa na yanka sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Share-Girgije ake ce masa, ƙananan ma'aikata kuma su ce Baba Share.

Aikin nasa ba shi da wuyar faɗa. Taurarin ɗan Adam suna ratsa sama suna ɗaukar hoton ƙasa, hotunan su sauko cikin kwamfutocin ofishin, daga nan a gane inda daji ya ragu, inda tafki ya janye, inda gari ya cinye gona. To amma tauraron abin da ya tarar shi yake ɗauka. In girgije ya tarar, girgije zai kawo maka, fari fat, ga kuma inuwarsa baƙa a ƙasa, wadda kwamfuta, da yake ba wayo gare ta ba, sai ta ɗauke ta a matsayin ruwa. Saboda haka kafin kowa ya auna komai, sai hotunan sun bi ta hannun mutum ɗaya ya tace su, wannan ya shiga, wancan a jefar. Shi ne wannan mutumin, tun kafin a haifi rabin ma'aikatan sashen.

Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar takardu. Kullum da sanyi, don na'urorin ba sa son zafi, shi ya sa ko a tsakiyar bazara za ka same shi cikin wata rigar sanyi mai ruwan toka da ta koɗe a gwiwar hannu. Allon kwamfuta biyu a gabansa, kofin shayin da ya huce tun safe a gefe, can kusurwa kuma wani tsohon teburin zane mai gilashi da fitila a ƙasa, wanda aka yi juyin duniya a fitar da shi ya ce sai dai a fitar da su tare.

A kan wannan teburin ya fara. Ya shigo ofishin yana saurayi siriri, lokacin da jirgin sama ne ke ɗauko hotuna a wanke su a takarda. Akan jera biyu kusa da juna, a ɗora musu wani tabarau mai ƙafafu, in ka leƙa sai tudu ya taso, kwari ya lotsa. Ranar da ya fara leƙawa har hannu ya kai zai taɓa tudun, aka yi ta yi masa dariya har aka tashi aiki. Maigidansa na farko, wani dattijo mai ƙarancin magana da yawan harara, doka ɗaya ya koya masa: abin da ba ka gani sarai ba, kada alƙalaminka ya taɓa shi. Ya riƙe wannan doka fiye da yadda wasu ke riƙe wasiyyar iyaye. Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka watse, wasu suka koma kasuwa, wasu suka nemi canjin sashe. Shi ya zauna ya koya da yatsa biyu, yana gumi cikin sanyi, har ya iya. Dokar dattijon kuma ya taho da ita, domin a wurinsa hoto mai girgije abu ne da ba a gani sarai ba.

Ba ya cikin masu zuwa taro a otal su yi jawabi a kan sauyin yanayi, kuma in gaskiya za a faɗa, ba a cika gayyatarsa ba. Shi ganin abin ya yi da idonsa, yana zaune wuri ɗaya. A gabansa tafkuna suka riƙa tsukewa a shekarun fari, shekara bayan shekara, har wasu suka ɓace daga taswira da hannunsa. Yakan ji ba daɗi duk ranar da ya goge shuɗin launi daga wani wuri, amma ba ya gaya wa kowa. Akwai kuma ranakun alfahari. Shi ya gano masu saran itace da suke cin wani daji ta tsakiya, suna barin bishiyoyin bakin hanya a tsaye don duk mai wucewa a mota ya ga daji lafiya lau. Daga sama abin ya fito tamkar sanƙo. An hana saran, dajin ya farfaɗo, kuma har yau in ya buɗe hoton wurin sai ya gyara zama.

Cikin tafkunan da ya goge akwai wani a bayan gari, gaba da wurin fasa dutse. A hotunan takarda na zamanin samartakarsa ruwa ne shimfiɗe a cikin kwari. Fari ya zo ya shanye shi, kuma tun daga nan duk hoton da ya tace ya wuce, jar ƙasa ce kawai a wurin. Da shekaru suka yi yawa, hukumar filaye ta nemi taswirar ofishin, ta ga babu ruwa, ta cire kwarin daga wuraren da aka hana gini, ta yanka shi filaye.

A nan ƙanwarsa ta shigo maganar. Auta ce a ɗakinsu, tana ƙarama mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙe ta har ta gama makarantar koyon jinya ta zama nas. Ba ta biya shi da ladabi ba, da tsiya ta biya shi. Ita ce mai cewa ga mutumin da yake ganin duniya ta sama amma bai ga cewa safar ƙafarsa ba iri ɗaya ba ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ta yi ta yawon gidajen haya, wannan mai gida ya ce zai aurar da ɗansa, wancan ya ce zai sayar, har yaran suka ƙware da ɗaure kaya a kwali. Ba ta taɓa kawo masa kuka ba. Aikin dare, aikin rana, ba ta ƙin ko ɗaya, kuma kowa a dangi ya san kuɗin gina gidan kanta take tarawa.

Wata rana da hantsi sai ga ta a ƙofar ɗakinsa, da fararen kayan aiki, tana murza hannu saboda sanyi.

"Yaya, ba gaisuwa ta kawo ni ba," in ji ta.

"Ai na sani. Ke gaisuwarki sai an kwantar da mutum a gadon asibitinku."

Ta ja kujera ta zauna, ta gaya masa an yi mata tayin fili a sabon yankan nan na bayan wurin fasa dutse. Ta je ta gani, wurin ya kwanta mata. Sai dai wata abokiyar aikinta ta ce da can ruwa ne ke kwanciya a wurin.

"Ni ban san wanda zan tambaya ba in ba kai ba. Duba mini da idon naka na sama."

Ya gyara tabarau, ya jawo hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga bara, ga bara waccan, ga wadda ta gabace ta, ya yi ta komawa baya har ta fara hamma. Kowanne tas, babu ko ƙyallin girgije, domin duk ta hannunsa suka bi.

"Kin ga ruwa?"

"Ni ƙasa nake gani."

"To shi ke nan. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, amma da can ne. Ruwan nan ya tafi tun kina ɗaliba. Gina abinki, Auta."

Ta miƙe tana cewa yau dai sanyin ɗakin nan ya yi rana. Bayan ta fita ya daɗe yana murmushi shi kaɗai. Daɗi ya ji sosai, don tun da ya fara aikin nan, ranar ce ta farko da wani nasa ya zo ya amfana da shi ido da ido.

Ana ɗauke ruwa ta fara gini. Daga asibiti take wucewa can, a motar haya zuwa wurin fasa dutse, sauran a ƙafa, domin titi bai kai ba tukuna. Wasu masu filayen sun kafa dutsen shaida sun tafi, wasu sun zuba yashi, amma ita ce ta fara tayar da bango. Ranakun hutu yakan je ya taya ta tsayuwa, ko da yake taimakonsa bai wuce riƙe bakin igiyar awo da shan faɗa ba. Ta nuna masa ɗakin yara, da inda za ta sa famfo, da ɗan wurin da ta bari don shuka lemo. Ta yi rigima da magini a kan kusurwar da ta karkace har sai da ya rushe ya sake. Kafin zafi ya tsananta bango ya kai inda ake ɗora katako, saura rufi, kuma ta ƙudura sai ta rufe kafin ruwan farko.

A cikin wannan bazarar aka turo wata injiniya sashen nasu, mace mai jiki da dariya mai ƙarfi, wadda ta je kwas ta dawo da sabon abu. Wani irin tauraro ne da ba ya jiran hasken rana. Shi yake aiko da nasa saƙon ƙasa, ya saurari abin da ya dawo masa, kuma saƙon yana ratsa girgije kamar babu shi. Rada ake kiran na'urar. Tudu da gini da bishiya suna mayar da saƙon, su fito da haske. Kwantaccen ruwa kuwa ba ya mayarwa, sai ya fito baƙi ƙirin.

"Baba Share, an zo raba ka da sana'arka," in ji Injiniya tana dariya. "Wannan ko hadari ya kai ina, ko a jikinsa."

"Ku raba ni mana, dama na kusa ajiye aiki. In huta da tsaki."

Ta roƙe shi ya zauna ya gwada hotunan radar na damunan baya da taswirorinsa, tun da babu lungun da bai sani ba. Ya karɓa da murna irin ta wanda aka ba sabon abin wasa. Ya duba madatsar ruwa, ta fito daidai. Ya duba kogi, daidai. Sai ya yi abin da kowa yake yi in an ba shi hoton gari daga sama, ya tafi neman nasa. Ya bi titi har wurin fasa dutse, ya gangara kwarin.

Baƙi ne. Daga bakin kwarin zuwa ƙarshensa, shimfiɗe, da ɗan wutsiya ta gabas, kamannin da ya sani tun a hotunan takarda. Ya dubi kwanan watan, tsakiyar damunar bara. Ya ce wataƙila na'urar ce, ya jawo na bara waccan. Baƙi. Ya bi su a jere, sai ya ga yadda abin yake tafiya: ruwan ya taru bayan manyan ruwaye, ya yi makonni a kwance, ya fara tsukewa, kafin sama ta washe ya nutse cikin ƙasa babu alamarsa. Ya buɗe nasa hotunan, waɗanda ya nuna wa Auta, wannan karon ba ƙasar ya duba ba, kwanan watan ya duba. Duk na rani ne. Daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa, shekara bayan shekara. Babu ko ɗaya na tsakiyar damuna, domin na tsakiyar damuna girgije ne ya cika su, kuma shi da hannunsa ya jefar da su.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikin wannan lamari, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Tafkin ya mutu da gaske a shekarun fari. Daga baya ne ruwan sama ya sake hali, ya rage yawan kwanaki ya ƙara ƙarfi, abin da da yake sauka a wata guda yanzu sai ya zubo shi a yini biyu. Kwarin ya koma tsohon aikinsa, yana karɓar ruwan yana shanyewa a hankali, amma a ƙarƙashin girgije yake yi, lokacin da idon ofishin yake rufe. Motar da ke fita duba wurare ita ma da rani take fita, don da damuna hanyar ba ta biyuwa. Sun yi shekaru suna auna sauyin yanayi, ga shi ya zo bayan gari ya kwanta, ba su gan shi ba saboda tsabtar aikinsu.

Injiniya ta shigo ta same shi ya zuba wa allo ido. Ta leƙa ta bayansa, dariyar ta ɗauke.

"Wannan ba sabon yankan nan ba ne?"

"Shi ne."

Ta jawo taswirar tudu da gangare ta ɗora a kai, ta bi da yatsa. In aka cike kwarin aka gine shi, ruwan ba fasa zuwa zai yi ba, gaba zai yi, kuma gaban nan tsohuwar unguwar bayan kasuwa ce, inda gidaje suke manne da juna. Rijiyoyin wannan ɓangaren ma, in ji ta, da alama daga nan suke sha.

"Dole a rubuta a kai wa Darakta, a dakatar da gini kafin mutane su zuba dukiyarsu. Kai za ka rubuta, Baba Share, kai ka san tarihin wurin."

Ya ce to. Bai gaya mata cewa akwai wadda ta riga ta zuba tata ba.

Hanyar zillewa a buɗe take, kuma ya gan ta sarai. Yana iya cewa na'urar sabuwa ce, a jira damuna ɗaya a je a gani da ido kafin a tayar da hankalin jama'a. Babu wanda zai zarge shi, hasali ma cewa za a yi dattijo ya yi taka-tsantsan. Kafin nan ya ajiye aiki, Auta ta tare, in ya so a yi ta cike wurin da ƙasa kamar yadda kowa yake yi. Ya juya wannan tunanin yini guda, ya ji kunyar kansa, ya sake juya shi duk da haka. Tsoro yake ji, kuma ba tsoron Darakta ko hukuma ba, tsoron fuskar ƙanwarsa.

Da safe matarsa ta ajiye masa shayi, ta zauna tana kallonsa yana ta juya cokali.

"Sukarin ya narke tun ɗazu. Mene ne?"

Ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta kalli hannuwanta.

"Yaushe za ta sa rufi?"

"Kafinta ya fara awo."

"To me kake yi a nan?"

"Me zan ce mata? Ni na ce ta gina."

"Abin da ka gaya mini shi za ka gaya mata. Duk abin da za ta faɗa maka yau, bai kai na ranar da za ta farka ta ga katifar yaranta tana yawo a tsakar ɗaki ba."

Bai wuce wurin Auta kai tsaye ba. Ofis ya fara zuwa, ya zauna ya rubuta rahoton da yatsunsa biyu, ya bayyana yadda tacewar da shi kansa yake yi ta ɓoye ruwan, ya sa hannu, ya kai wa Darakta da kansa. Ya san halinsa. In ya fara ganin fuskarta, ba lallai ya iya rubutawa ba.

La'asar ta yi lokacin da ya bar motarsa a inda hanya ta ƙare, ya gangara da ƙafa. Yanzu da ya sani, sai ya ga gangaren a ko'ina, yadda ƙasar take tattarowa daga kowane gefe zuwa inda ginin yake. Katakon rufi a jibge a gaban gidan, kafinta a kan bango da fensir a bayan kunne, Auta a ƙasa da fararen kayanta da silifas, tana nuna masa wani abu da hannu.

"A'a, Yaya, yau ba hutu ba. Ko an kore ka ne?"

"Zo mu shiga ciki, magana ce da ni."

Suka shiga ɗakin da ta ce na yara ne, sama a buɗe, ƙasa duk ɓaraguzan bulo. Ya zaro hoton da ya buga a takarda ya miƙa mata. Ta riƙe shi nesa da fuska kamar yadda take riƙe hoton ƙirjin marar lafiya.

"Ni ma na saba ganin baƙin tabo a hoto," ta ce a hankali. "Ba ya zama alheri. Mene ne wannan?"

"Ruwa ne. Nan wurin ne, da damunar bara."

Ya yi mata bayani, girgijen, da hotunan da ya jefar, da sabuwar na'urar, da unguwar bayan kasuwa. Bai kare kansa ba, ita ma ba ta katse shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta iya magana.

"Har ina yake kaiwa?"

"Hoton ba ya nuna zurfi. Amma yadda gangaren yake, zai wuce gwiwa. Wataƙila ya kai taga."

"In na cike da ƙasa fa? Kowa haka yake yi."

"Sai ya tafi gidan wasu. Kuma ba za a bari ba, Auta. Za a dakatar da gini a kwarin gaba ɗaya."

Ta ɗago ta dube shi.

"Wa zai dakatar? Wa ya sani?"

"Na rubuta. Yana teburin Darakta."

"Ka riga ka rubuta."

"Na rubuta."

"Kafin ka zo wurina."

Ya sunkuyar da kai. Daga waje ana jin kafinta yana ƙwanƙwasa katako yana 'yar waƙarsa.

"Za a nemi a ba ku wani filin," ya ce. "Na sa wannan a ciki."

"Za a nema. Bulon fa? Simintin da ke cikin ƙasa fa, shi ma za a nema?" Muryarta ba ta tashi ba, shi kuwa da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. "Ƙawata ta gaya mini, Yaya. Na ce mata ina da wanda ya fi ta sani."

Ta sake duban takardar, ta daɗe.

"Nuna mini inda gidan yake a nan."

Ya zaro biro, ya sa bakinsa a tsakiyar baƙin.

"Wannan ɗigon, da na kusa da shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta. Ta fita ƙofa ta kira kafinta, ta ce ya sauko, aikin ya tsaya, za ta neme shi. Mutumin ya buɗe baki zai yi tambaya, ya dubi fuskarta, ya tattara kayansa. Da ta dawo idanunta sun yi ja, amma babu hawaye. Ta wuce shi ta shiga ɗakin ƙurya, ta ce ya zo. Tagogi ne a jingine da bango, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba, da safen nan aka kawo su.

"Waɗannan dai ruwa ba zai ci su ba," ta ce. "Motarka tana sama?"

"Tana sama."

Ta kama gefe ɗaya na babbar, ya kama ɗaya. Suka fito da ita a karkace ta ƙofar da ba ta da ƙyaure, suka fara hawan gangaren, ita a gaba tana tafiya da baya, shi a ƙasa yana haki. Tagar ta fi yadda ya zata nauyi, ga maganar da yake ta shiryawa tun safe har yanzu bai faɗe ta ba. A tsakiyar hawan ya tsaya.

"Auta, ki yi haƙ..."

"Ba yau ba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Ɗaga naka gefen, Yaya. Kana sakar mini nauyin."